Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu a Tafiya Ƙasar Waje Yanzu?

Malam, tambayarka ta iso ni, kuma ga abin da na fahimta a cikinta. Kai ma'aikaci ne a nan Abuja, ka je Umra da iyalinka a shekarar 2022, yanzu kuma kana so ka kai mahaifiyarka, ku uku ke nan da matarka, sannan a hanyar dawowa ku yada zango na kwana huɗu a Istanbul ko Dubai domin hutawa da sayayya. Ka shiga ofisoshi uku a Wuse, kowanne ya ba ka farashin da ya kusa ninka na wancan karon sau uku. Kana so ka san ko masu shirya tafiya ne suke tsawwalawa, ko ya kamata ka dakata har abubuwa su sassauta, kuma ko tafiya waje a yanzu tana biyan abin da ake kashe mata. Na daɗe ina wannan sana'a ta yankar tikiti da shirya Umra, saboda haka zan amsa maka da abin da nake gani a kan teburina kullum.

Mafi yawan ƙarin da ka gani daga gida ya taso, wato daga faɗuwar darajar naira. A tsakiyar watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe hanyoyin canjin kuɗi wuri guda, ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Kafin ranar, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a wajen 'yan canji na Zone 4 da ke Wuse kuma tana wajen naira 750. Zuwa Fabrairun 2024 ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, ta sauko wajen 1,100 a watan Afrilu, ta sake hawa, sannan ta shafe mafi yawan shekarar 2025 tana kaiwa da komowa a kusa da 1,500. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kowace dala ɗaya, haka ma dirhamin Dubai da ke kan 3.67, don haka duk motsin da dala ta yi a Zone 4, sai ka ji shi a Makka da Dubai a ranar.

Akwai wani abu a nan da mutane da yawa ba sa lura da shi, kuma shi ne yake sa a zargi masu ofis. Tikitin jirgin ƙasa da ƙasa da dala ake yi masa farashi, sai a juya shi zuwa naira da canjin da kamfanonin jirage ke amfani da shi, wanda a 2022 yake bin na hukuma. Tikitin dala 900 a kan naira 460 ya kama naira 414,000. Tikitin nan dai, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba, a kan naira 1,500 ya zama naira 1,350,000, wato ya ninka fiye da sau uku. Kuɗin guzuri kuwa, da ma can yawancinmu a hannun 'yan canji muke saye, saboda haka shi ninki biyu ya yi: ɗakin otal na riyal 400 da ya tsaya maka a naira 80,000 lokacin da dala take naira 750, ya koma naira 160,000 da ta kai 1,500. Idan ka haɗa tikitin da ya ninka uku da masaukin da ya ninka biyu, ka ɗora ƙarin kuɗin biza da na sufuri a can, za ka isa daidai inda ofisoshin nan uku suka kai ka. Kujerar aikin Hajji ma, wadda hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON ke sanar da kuɗinta, ta tashi daga ƙasa kaɗan da naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025, alhali babu ɗan kasuwar Wuse a tsakani. Ban ce babu masu zari a cikinmu ba, akwai su, zan kuma faɗa maka yadda za ka gane su a gaba, amma ninkin da ka gani ba aikinsu ba ne.

Kamfanonin jiragen ma sun taka tasu rawar. Daga 2022 zuwa 2023 kuɗinsu na tikiti ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce ya haura dala miliyan 800. Da yawansu suka rufe ƙananan azuzuwan farashi, suka bar mana masu tsada kawai, Emirates kuma ya dakatar da zuwa ƙasar nan baki ɗaya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Bayan an biya mafi yawan kuɗin a 2024 an sake buɗe azuzuwan masu sauƙi, kuma shigar Air Peace hanyar Legas zuwa Landan a ƙarshen Maris na shekarar ta karya farashi a wannan hanya. Wannan sauƙi ne na gaskiya, sai dai bai kai ya cike giɓin da canji ya haifar ba.

Game da jira, shawarata ita ce kada ka jingina tafiyar mahaifiyarka da fatan naira za ta koma gidan jiya. Tana iya ƙara ƙarfi kaɗan, tana iya raunana, amma tsarin da ya ba ka tikiti a kan naira 460 an riga an rushe shi, shekarun Hajiya kuma ba sa jiran kasuwa. Abin da ke hannunka shi ne yadda za ka sayi dalar. Na san mutanen da suka firgita a Fabrairun 2024, suka juye ajiyarsu gaba ɗaya a kan naira 1,800, bayan wata biyu suna kallo ta sauko 1,100. Ka riƙa saye kaɗan kaɗan duk ƙarshen wata kana zubawa a asusun dala, har kuɗin tafiyar ya cika, ta yadda hawa da sauka za su daidaita kansu. Kuma daga yau ka rubuta kasafin tafiyar da dala ko riyal, domin kasafin da aka rubuta da naira wata huɗu kafin tashi ba ya kaiwa ranar tashi da ma'anarsa.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi can, inda nake ganin mutanenmu sun fi yin kuskuren lissafi. Za ka ji ana cewa Turkiyya ta yi araha saboda kuɗinsu ya faɗi, ko Masar ta yi araha tun da aka karya fam ɗinta a Maris ɗin 2024 daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wanda albashinsa dala ne ko yuro. Kai kuwa naira kake karɓa, kuma naira ta fi lira, kuɗin Turkiyya, faɗuwa a tsakanin 2023 da 2024. Bayan haka, hauhawar farashi a Turkiyya ta kai kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, ta sake kaiwa kashi 75 a Mayun 2024, saboda haka abin da faɗuwar lira ta ba baƙo, tsadar abinci da taksi ta ƙwace. Otal-otal na unguwannin baƙi irin su Sultanahmet da Taksim kuwa, da yuro suke yi wa ɗakunansu kuɗi, ruwansu bai haɗu da na lira ba.

Ƙasashen da baƙi ke yi wa tururuwa sun kuma koyi raba farashi gida biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo. Tun Janairun 2024 baƙo mai yawon buɗe ido yana biyan yuro 25 kafin ya hau benen masallacin Hagia Sophia a Istanbul. A Taj Mahal na Indiya ɗan ƙasa yana biyan rupi 50, baƙo kuma 1,100. A dalar Giza ta Masar ma kuɗin shigar baƙo ya ninka na Bamisire sau da yawa. Birnin Benis na Italiya ya fara karɓar yuro 5 daga masu shiga su fita a yini ɗaya a wasu ranaku tun Afrilun 2024, Dubai tana da harajin dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki a kowane dare, Saudiyya kuma ta ɗaga harajin sayayya daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Kowanne a cikinsu ƙarami ne idan an ɗauke shi shi kaɗai, amma idan ka ninka shi da mutum uku, ka ninka da kwanaki, ka juya zuwa naira, sai ka ga kuɗin makarantar yaro na zango ɗaya ya tafi a ƙofofin shiga. Ni ban ga laifin ƙasa ta sauƙaƙa wa 'yan ƙasarta ba, abin da nake so kawai shi ne ya shiga lissafinka tun kana gida.

Kafin duk wannan akwai kuɗin da ba ya dawowa, kuma shi nake sa kowane abokin ciniki ya fara rubutawa a saman takarda. Fasfo mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000 a Satumban 2024, ya koma 100,000 a Satumban 2025. Bizar ƙasashen Turai ta Shengen ta koma yuro 90 daga 80 a Yunin 2024, ta ziyarar Birtaniya ta wata shida ta kai fam 127 a Afrilun 2025, ta Amurka kuma dala 185 ce tun 2023, sannan a Yulin 2025 aka mayar da yawancin irinta ga 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. Ko an ba ka ko an hana ka, kuɗin ya tafi, kuma a 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya da suka nemi ta Shengen an hana su. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin zangon da kake so ka ƙara yana buƙatar biza ta biyu ga mutum uku. Turkiyya tana da tata bizar da takardunta, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma, inda Dubai take, da ta ɗage takunkumin bizar da ta sa mana tun 2022 a watan Yulin 2024, ta dawo da sharuɗɗa masu tsauri.

To yaya ake gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ni abin da nake aunawa shi ne abin da ya fitar da mutum daga gida, da kuma yawan abin da ya samu daga cikinsa. Kai Harami ne ya fitar da kai, domin Hajiya ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi, ta samu salloli a jam'i, ta ziyarci Madina. Duk kuɗin da ya ƙara mata wannan ya yi amfani, duk wanda aka rage kuma ya rage mata shi asara ce, ko da a takarda ya yi kama da tsimi.

Bari in ba ka misalin da na gani da idona. Wata shekara na raka ayari, a cikinsu akwai wani magidanci da mahaifinsa mai shekara saba'in da ɗoriya. Ya zaɓi masauki a Aziziyya, wata unguwar Makka mai nisa da Harami, domin ya rage kusan rabin kuɗin ɗaki, bisa alƙawarin cewa akwai motar da ke kaiwa Harami kyauta. Motar tana nan, ba a yi masa ƙarya ba, sai dai tana sauke mutane a tashar da sai an taka tafiya mai nisa kafin a kai ƙofa, kuma da an kusa kiran salla hanya take cushewa. Kwana biyu na farko dattijon ya jure. A rana ta uku na same shi zaune a kan kujerar roba a ƙofar otal da carbinsa, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, yana tambayata ko sallar da ya yi a masallacin ƙasan otal tana da ladan ta Harami. Ɗansa ya koma ɗaukar taksi sau biyu a rana, yana biyan mai tura keke, a ƙarshe abin da ya kashe ya kusa cinye ragin da ya samu, mahaifinsa kuma bai samu rabin sallolin da ya zo nema ba. Wannan ne ake nufi da araha ba ta ado. Ga saurayi mai ƙarfin ƙafa, Aziziyya ko can ƙarshen Misfala ba laifi ba ne, ni ma na sha kwana a can. Ga Hajiya kuwa, gara kwana huɗu a Ajyad ko farkon titin Ibrahim Khalil, inda za ta fito ta isa sahu cikin minti goma, da kwana takwas a inda za ta riƙa jin kiran salla daga nesa.

Lokacin tafiya shi ne babban makaminka, ya fi duk wani ciniki da za ka yi a ofis. Ɗakin da ke kusa da Harami yana ninka kuɗinsa sau da yawa a goman ƙarshe na Ramadan, hutun Disamba kuma yana ɗaga tikiti da masauki tare. Falalar Umra a Ramadan tabbatacciya ce a hadisi, ba kuma zan rage mata daraja ba, amma tana samuwa a farkon watan ma, cunkoson goman ƙarshe kuwa wahala ce ta gaske ga tsohuwa. Mafi sauƙin farashi yana zuwa ne bayan an kammala Hajji, a Muharram da Safar, sai dai a shekarun nan watannin suna faɗowa a tsakiyar bazarar Saudiyya, inda zafi ke wuce digiri 40. Idan da ni ne, Oktoba ko Nuwamba zan zaɓa, bayan taron watan Maulidi ya lafa, kafin makarantu su ba da hutu, lokacin da zafi ya fara sauka kuma farashi bai tashi ba tukuna.

A kan tikiti, kada ka tsaya a lambar da ke saman takarda. Ka tambaya awa nawa ne zaman jira a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, jaka nawa aka yarda da ita kuma kilo nawa, nawa ne kuɗin sauya rana, kuma ko ana mayar da kuɗi idan rashin lafiya ya gitta. Tikitin da ya fi araha da naira dubu ɗari amma ya zaunar da Hajiya awa goma sha biyu a kan bencin filin jirgi, ko wanda ba a iya sauya masa rana, bai fi araha ba. Ka gwada farashin tashi daga Kano tare da na Abuja, domin wani lokaci jirgin da ke zarcewa Jidda ko Madina kai tsaye daga can yana rage wahala, ko da an haɗa da kuɗin zuwa Kanon. Ya fi kyau ku sauka a Madina ku tashi daga Jidda, ku yi tafiyar Madina zuwa Makka sau ɗaya a jirgin ƙasa na Haramain, wanda ke cin nisan kilomita 450 cikin kimanin awa biyu da rabi, maimakon doguwar tafiya a mota.

Sai maganar Istanbul ko Dubai, kuma a nan zan faɗa maka ra'ayina kai tsaye: ka ajiye ta a wannan karon. Kwana huɗu a kowanne daga cikinsu na nufin biza uku da ba a mayar da kuɗinsu, ƙarin kuɗin tikiti saboda tsayawa, ɗaki biyu na dare huɗu, da kuɗin shiga wurare a farashin baƙo, duk a lokacin da Hajiya ta gaji da ibada tana son gida. Sayayyar da ake zuwa dominta ma ta rage armashi. Zinare farashin duniya yake bi, kuma oza ɗaya ta haura dala 3,000 a Maris ɗin 2025, abin da ke bambanta shago da shago kuɗin ƙira ne kawai. Dardumar salla da carbi da abaya da ake cika jaka da su, yawancinsu daga Sin aka kawo, irinsu suna nan a kasuwar Wuse da Kantin Kwari, kuma ba a biyan kuɗin awon kaya a kansu. Ga ɗan kasuwa mai saro kaya lissafin daban ne, domin shi ribarsa ce ke biyan tafiyar. Kai tsaraba kake nema, dabino da turare da jarkar Zamzam ta lita biyar da ake saye a filin jirgi sun wadatar. Idan kuma hutu kuke so kai da matarka a wani lokaci daban, ka tuna fasfonka yana shigar da kai Ghana da Senegal da Benin har kwana 90 ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, Ruwanda ma ba ta karɓar kuɗin biza daga 'yan Afirka masu gajeriyar ziyara, ko da yake tikitin cikin Afirka shi ma yana da tsadarsa.

A can kuma, ka tafi da kuɗinka kashi biyu, tsaba da kati. Bankuna da dama sun sake buɗe amfani da katin naira a waje a tsakiyar 2025 bayan sun rufe tun 2022, amma da iyaka, saboda haka ka je reshenku ka tambayi iyakar katinka kafin ka tashi. Idan na'urar biyan kuɗi ta ba ka zaɓi tsakanin riyal da wani kuɗi, ka zaɓi riyal, domin canjin da na'urar ke yi da kanta yawanci ya fi na bankinka tsada. Kada ka canza dala mai yawa a filin jirgi, wanda zai kai ku masauki ya isa, sauran ka canza a cikin gari.

Na yi maka alƙawarin yadda za ka gane mai zari. Ka koma ofisoshin nan uku, ka ce kowanne ya rarraba maka farashinsa a rubuce: tikiti nawa kuma a wane jirgi, biza da inshora nawa, sunan otal a Makka da Madina da nisansa da mita daga ƙofar Harami, mutum nawa a ɗaki, da abinci ko babu, mota ko jirgin ƙasa, sannan ladan ofis nawa. Mai gaskiya ba ya jin nauyin faɗin ladansa. Wanda ya ce maka otal ɗin "kusa yake" amma ya ƙi faɗin sunansa, ko ya rubuta suna ya ƙara da "ko makamancinsa", ka bar shi. Ka nemi ganin lasisinsa na NAHCON na shekarar da ake ciki, ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit. Bayan an ce an yanka tikiti, ka duba lambarsa mai alƙaluma 13 a shafin kamfanin jirgin da kanka, domin ajiye kujera daban ne da yankar tikiti, kuma na ga iyalai sun isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe da takardar ajiye kujera da ta riga ta mutu. A cikin tikitin Hajiya ka sa a rubuta buƙatar keken turawa tun daga Abuja har Madina, kyauta ne, amma sai an nema tun kafin ranar tashi.